Inna Mahasin, Mai Bin Bayan Masu Feshi

Ƙarfe bakwai na safe Inna Mahasin take barin unguwar Hayyin Ashir a birnin Alƙahira. Ta shiga ƙaramar bas, ta sauka ta kama jirgin ƙarƙashin ƙasa, kafin tara ta iso unguwar Dokki, ta shige wani ɗan shago a gindin bene inda ake haɗa ƙananan motocin ado, irin waɗanda ba su fi tafin hannu ba amma komai na babbar mota suna da shi. Shekararta goma sha tara a wannan shago. Ba ta haɗa mota, ba ta fesa fenti. Aikinta gyara ɓarnar waɗanda suka fesa.

Masu feshi kuwa, Allah dai Ya shirye su. Sau nawa ta faɗa musu a rufe gilashi da fitilu da salatif kafin a danna gwangwani? Sai su ce "tamam, ya Hajja," wato "to, Hajiya," su juya su yi yadda suka ga dama. Gobe a ajiye mata mota a tebur, jan fenti ya yi wa gilashin gaba yayyafi, taya ta koma shuɗiya. Sai ta yi tsaki, ta ɗora tabarau a kan tabarau, ta jawo auduga da tsinken sakace da samfefa mai laushi kamar leda. Ayman, mai shagon, shi ke miƙa wa mai kaya motarsa yana murmushi, shi ake yi wa godiya. Masu zuwa shagon da yawa sun ɗauka matar da ke zaune a lungu shayi take dafawa.

A bara ne Bakri ya shigo da wani abu a naɗe cikin tawul. Magidanci ne, Bahaushen Sudan kamarta, yaƙi ya koro shi daga Omdurman shi da mahaifiyarsa. Da ya warware tawul ɗin, sai ga 'yar babbar mota ta gwangwani, wadda marigayi mahaifinsa ya ƙera da hannunsa, kwafin motar da ya yi shekara talatin yana tuƙawa. A jikin ƙofar mahaifin ya rubuta sunansa da ajami, Hussain. Motar ta kakkarce a hanyar gudu, shi ne Bakri ya sayo gwangwanin koren fenti, ya hau baranda ana iska, ya fesa. Fenti ya rufe gilashin, ya rufe sunan.

Inna Mahasin ta daɗe tana kallon motar, sannan ta ɗago ta kalle shi.

"A baranda? Ana iska?"

"Ma'alish, yi haƙuri, Inna. Na ɗauka abu ne mai sauƙi."

"Kowa haka yake ɗauka. Me ka goga mata bayan nan? Kada ka ɓoye min."

"Tina, kaɗan, a gefe ɗaya."

Ta dafe kai. Tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ba ya bambanta sabon fenti da tsoho, kuma yana mayar da gilashin roba fari fat. Bakri ya ce kwana tara ke nan mahaifiyarsa tana tambayar motar, yana ce mata tana wajen gyara. Motar ce kaɗai abin mijinta da ta fito da shi.

"Khalas, shi ke nan, je ka. Kada ka kira ni, kada ka leƙo. Kuma in na sake jin ka riƙe gwangwanin fenti, ni da kai ne."

Ke ce, Inna, kika zauna wa ƙofar nan kwana goma sha ɗaya. Ke ce kika riƙa ɗaga koren fentin da bakin tsinke, ɓarɓashi bayan ɓarɓashi, har wuyanki ya ƙage. Gilashin kin bi shi da jiƙaƙƙiyar samfefa, kika goge da man goge haƙora har ya koma kamar ruwa. Ayman ya ce ki bar shi ya fesa wa ƙofar sabon fenti a rubuta sunan da injin, kowa ya huta. Kallo ɗaya kika yi masa ya koma wajen zamansa.

Haruffa uku suka fito sarai. Na ƙarshe kuwa, nun, rabinsa babu. Kwana uku ta yi tana zargin kanta, ta tabbata tsinkenta ne ya cinye shi, abinci ma ya ƙi shiga. Da Bakri ya zo ya roƙe ta ta ƙarasa harafin da buroshi, ta ce a'a, wannan rubutun mahaifinsa ne, ba za ta sa nata hannun a ciki ba. Da kanta ta ɗauki motar zuwa Hadayek el-Maadi, inda mahaifiyar Bakri take zaune, don ta ba tsohuwar haƙuri baki da baki.

Tsohuwar ta karɓi motar ta ɗora a cinya, ta shafa ƙofar. Inna Mahasin ta fara bayani kan harafin da ya lalace, sai matar ta katse ta.

"Wannan? Ai tun a Omdurman ya goge. Nan Malam yake sa babban yatsansa in zai ɗauke ta. Yanzu ta dawo yadda ya bar ta."

Inna Mahasin ta juya ta dubi Bakri. "Shi ne ba ka faɗa min ba? Kwana uku ban ci abinci ba!"

"Wallahi, Inna, ban taɓa lura ba."

"Ai na sani. Da kana lura da ba ka hau baranda ba."

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, likita ya ce idanun sun gaji. Har yau babu mota ɗaya a Alƙahira da ke ɗauke da sunanta, kuma mu da muka san aikinta abin yana ci mana rai. Mun gode, Inna Mahasin, ma'abociyar haƙuri mai faɗa a baki. Allah Ya ƙara wa idanunki haske, Ya saka miki. Ku kuma masu sana'a, ku koyi zama a kan aiki har ya gyaru kamar yadda ta zauna. In hakan ya fi ƙarfinku, to ku dai rufe gilashi kafin ku fesa, don daga watan gobe babu mai bin bayanku.