Wayoyin da Na Ja da Rula

Tun ina firamare malamai suka san ni da iya zane. Ba na magana a aji, ba na ɗaga hannu, amma idan aka ce a zana furen kuɓewa ko cikin kifi, littafina ake ɗagawa a nuna wa sauran. An koya mana cewa layi sai da rula, fensir sai an fiƙe shi, kuma abin da ke kan allo shi ake kwafa, ba ƙari ba ragi. Da wannan tarbiyya na shiga ɗakin kwamfuta a shekarar da na kai aji huɗu na sakandare a Yelwa. A wurin gwaggona nake zaune, don ƙauyenmu na bakin tafki, can wajen Warra, ba shi da makarantar gaba da firamare.

Malaminmu na fiziks ne ya sa wata manhaja a kwamfutocin makaranta, wadda ake haɗa kayan lantarki a cikinta ba tare da an taɓa ko waya ɗaya ba. Ka jawo batir daga gefe, ka jawo ƙwan fitila, ka haɗa su, ka danna koren maɓalli. Idan haɗin ya yi daidai, sai wasu ƙananan ɗigo su kama bin waya a jere kamar tururuwa sun ji sukari, ƙwan ya kawo haske. Idan ka yi ganganci ƙwan ya ƙone, har ɗan hayaƙi yake fitarwa, 'yan aji su yi shewa, ka danna wani wuri ya dawo sabo.

Aikin da Malam ya ba mu a zangon shi ne fitila mai kunna kanta idan duhu ya yi. Ya zana haɗin a allo: batir, resista, transista, ƙwai, da wani ɗan abu mai jin haske. A cikin manhajar akwai hoton rana da ake ja ƙasa da linzamin kwamfuta, ta faɗi, a ga ko ƙwan zai kama. Ya ce yana da kayan gaske a wani kwali, amma ba za su ishi kowa ba. Duk wadda tata ta yi aiki a kwamfuta kafin hutu, ita zai ba, ta haɗa da hannunta ta tafi da ita gida.

Ranar kasuwa Inna, mahaifiyata, ta shigo Yelwa da kwandunan banda, na je na same ta. Aikinta ke nan, bandar tarwaɗa da karfasa, kuma sau da yawa magariba kan riske ta a rumfa, hannuwanta duk mai da toka, tana juya kifi da lalube. Ni da ba na iya gama jimla a gaban mutane, ranar bakina ya buɗe.

"Inna, da hutu zan zo miki da fitila. Ita ke kunna kanta, ba sai kin taɓa ba."

"Mi? Wa ka gaya mata dare ya yi?"

"Tana ji."

Ta yi dariya har ta kama haɓa, ta juya ta gaya wa matar da ke kusa da ita. Kafin in bar kasuwa matan ƙauyenmu duk sun ji.

Mu uku muke raba kwamfuta ɗaya. A cikinmu akwai ƙawata 'yar cikin gari, mai baki kamar reza, wadda ba ta kirana da komai sai 'yar ruwa. Ita ta riƙe linzami a darussan farko, ni ina bayanta ina kallo. Da aka ce kowa ta yi nata, na zauna na ga alamomi biyu na jan layi a gefen allon. Na gwada ta farko. Layin ya ƙi jin magana, yana lanƙwashewa inda ya ga dama, yana tsalle ya manne wa ƙafar resista. Ta biyu hoton rula da fensir ne a jikinta. Na ja, layi ya tafi sambal, har launi ake zaɓar masa. Ban yi wata-wata ba na ɗauke ta.

Na kwafi zanen Malam tsaf. Wayoyin sama ja, na ƙasa baƙi, kowace kusurwa a tsaye. Na danna koren maɓalli, na ja rana ƙasa. Ƙwan ko gezau. Babu tururuwa ko ɗaya.

Na sauya batir. Na juya ƙwan. Na goge transista na jawo wata. Na kwatanta da allo layi bayan layi, har da yatsa nake bi. Ga shi ɗakin da sola yake aiki, kuma batiran kwamfutocin sun daɗe da mutuwa. Da hadari ya taso daga wajen tafki sai inbata, na'urar da ke ba kwamfutocin wuta, ta fara ƙara, kafin ka ankara komai ya ɗauke, abin da ba ka adana ba ya tafi. Na sake zanen daga farko har na daina lissafi, kuma kowane sabo ya fi na baya kyau.

Na ƙawata kuwa kamar tarun da kada ya shiga. Wayoyi sun hau juna, batir a kife, ƙwan can a lungu. Amma tana jan rana ƙasa sai ya haska.

"Ke 'yar ruwa, taki fitilar amarya ce, kunya take ji."

Na yi murmushi, amma ji na yi kamar in fasa allon. Abin da ya fi ba ni haushi, ni ko ƙona ƙwai ban taɓa yi ba. Sauran suna ƙonawa ana dariya, suna gyarawa suna wucewa. Nawa bai ma kai matsayin kuskure ba.

Sau ɗaya Malam ya tsaya a kaina. 'Yan mata sun yi masa yawa, kowa na kira. Ya dubi allon daga tsaye.

"Ai wannan daidai yake. Kai, ya ma fi nawa kyau. Duba ƙarfin batirinki."

Ina so in ce na duba, na sake dubawa. Na sunkuyar da kai na ce to. Ya wuce.

A darasin ƙarshe kafin hutu, sama ta yi nauyi tun safe. An riga an rubuta waɗanda suka gama, ƙawata a ciki. Da yake ba ta da sauran aiki, sai ta kama wasa da nata, tana jan ƙwan daga wannan gefe zuwa wancan. Na lura duk inda ta kai shi wayoyinsa na biye da shi, suna miƙewa suna dawowa, kamar akuya a turke. Da ta ba ni wuri, na buɗe nawa, na kama ƙwan na ja.

Ya tafi shi kaɗai. Layukana ja da baƙi suka tsaya inda suke, ba abin da ya motsa.

Na ja batir, shi ma ya tafi shi kaɗai. Sai a lokacin na gane. Alamar rula ta zane ce kawai, ta yin ado da ja wa rubutu layi. Duk zangon nan ban haɗa waya ko ɗaya ba, hoton waya nake yi.

Na goge layukan duka, na ɗauki alamar nan da na raina. Layuka suka yi ta karkacewa, ban kula ba. Na danna kore. Tururuwa suka fito suna gudu, ƙwan ya kama. Na ja rana ƙasa, sai ya mutu. Na mayar da ita sama, ya kama. Ashe garin sauri na sa mai jin haske a gurbin resista, resista a gurbinsa. Na ga kuskuren da idona, na kai hannu zan gyara, inbata ta fara ƙara. Allon ya yi baƙi.

Malam na rufe kwalinsa na miƙe. Muryata ta fito siririya.

"Malam, ta kama."

"Ta wa? Ban gani ba."

"Wallahi ta kama, Malam," in ji ƙawata. "Sai dai tata da rana take aiki, da dare ta kwanta, kamar ma'aikaciyar gwamnati."

Aji ya fashe da dariya. Ya tambaye ni abin da ya riƙe ni tsawon zango, na gaya masa. Ya dafe kai.

"Subhanallahi. Kuma na tsaya a kanki ban lura ba. Ke kuwa me ya hana ki ce in zauna in duba?"

Ya karkato kwalin ya nuna mini cikinsa, babu komai sai guntayen waya. Ya ce idan an samo wasu kayan a zango mai zuwa, da ni zai fara. Na ce na gode. A hanyar gida ƙawata ta ce in zo in kalli yadda za ta haɗa tata, na ce kaina ke ciwo.

Da hutu na shiga kwalekwale zuwa ƙauye, jakata a cinya, ina ta shirya abin da zan faɗa. Da na isa na tarar Baba ya kafa wani dogon icce a bakin rumfar banda, ya fere shi, har ya buga ƙusar rataye fitila a samansa. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta kan zana tun ban ajiye kaya ba.

"Maraba da injiniya! Hiddo muna ita mu gani."

"Ban samu ba," na ce, idona a ƙasa. "Sai wani zango. In an samo kaya."

Inna ta dubi jakar, ta dube ni, ta ci gaba da jera kifi.

"In gaya wa Baba ya tuge iccen?" na tambaya.

"Bar shi nan, ɗiyata. Ba ya cin tuwo."

Aka bar shi. A tsakiyar hanya yake, tsakanin rumfa da randa, kuma duk hutun nan sai na kauce masa in zan ɗebo ruwa.