Kwalbar da Na Wanke

Ko zan manta komai na shekarun da na yi ina aiki a ɗakin kimiyya na wata sakandare a Potiskum, ban da maganar kwalba ta huɗu. Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne. Aikina shara da wanke kwalabe, kuma ni mutum ne da sai na koma na taɓa kwaɗo sau uku kafin in yarda na kulle ƙofa.

Malamin ilmin tsirrai, mutumin wajen Jos, ya jera kwalabe huɗu a taga, ya ce da su ɗalibansa za su yi jarrabawa. Ta farko kainuwa ce. Biyu masu bin ta na ɗauke da wasu 'yan ganyaye kamar ƙwayar wake da ta riɗi, suna yawo a kan ruwa. Da zai tafi gida Kirsimeti ya ce in riƙa ƙara musu ruwa kawai.

Ta huɗun ce ta tsone mini ido. Ba ganye, ba saiwa, sai wani kore-kore kamar an barbaɗa tsaki. Na ce gansakuka ce, kada ya dawo ya ce na bar masa ƙazanta. Na juye ta a tsohon kaskon da ke bayan ɗakin, na wanke ta fes. Sai da nake goge gindinta na ga takarda manne da rubutunsa: tafkin Mamudo.

Ashe tsiro ne da ya ɗebo daga can. Washegari na hau keke har Mamudo don in ɗebo wani, na tarar tafkin ya zama taɓo. Mako biyu tuwo ba ya wuce mini. Matata ta ce tunda take ba ta taɓa ganin mai zaman makokin gansakuka ba.

Ranar da ya dawo, tun bai ajiye jaka ba na faɗa masa. Ya tambayi inda na zubar. Muka zagaya. Kaskon, wanda famfo ke ɗiga a ciki, ya rufe ruf da kore.

"Malam, ai kiwo ka yi mini," ya ce da Hausarsa ta Jos, yana dariya. "Cokali ɗaya na bari, ga kasko guda."

A nan ya nuna mini cewa duk huɗun dangi ne, har da gwazar da muke ci. Kainuwa saiwa tuli, mai bi mata kaɗan, ta ukun ɗaya tak, autar, wato ta huɗun, babu ko ɗaya. A hankali zuriyar ta yi ta ƙanƙancewa, amma har fure autar take yi.

Na zauna a bakin kaskon. Tun daga ranar, abin da ban san sunansa ba ba na kiransa datti sai na tambaya.