Mudu Biyu Na Gajeriyar Dawa, Daga Zariya Zuwa Malumfashi

Rana ta farko: Zariya zuwa Funtuwa

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar makaranta, akwatin littattafaina a ka, wani ɗan buhu a hammata. Akwatin ko ya faɗa kogi ba zan yi kuka ba. Buhun nan shi ne tafiyar.

Ga abin da ke ciki. Tun farkon shekara malaminmu na kimiyya yake kai mu wata gonar gwaji a bayan gari, inda masana ke binciken amfanin gona. A can na san Malam Bitrus, mai kula da sashen dawa. Shi ya nuna mini yadda ake rufe kan dawa da jakar takarda, a ɗebo garin furen wata a zuba wa wata, shekara da shekaru, har aka sami wata gajeriya wadda ba ta wuce ƙirjin mutum ba, amma kanta ya cika hannu biyu. Shi ne kuma ya sa mini baƙin garin burtuntuna, cutar da ke baƙanta kan dawa, a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Cutar da muka tashi muna ji ana cewa bakin mutane ne, sai ga ta ƙwayoyi ƙanana kamar ƙwan kifi! Ran nan ko abincin rana ban iya ci ba don murna.

Da hutu ya zo ya auna mini mudu biyu. Ya ce, "Isiyaku, kai ba ka magana, amma kana rubutu. Kai wa babanka wannan. Ku shuka ta layi-layi kusa da kaurarku, ka auna, ka rubuto mini. Abu biyu zan gaya maka. An gauraya ta da jan magani mai kashe burtuntuna, guba ne, ko kaza kada ta ci. Sannan kada ruwa ya taɓa ta. In ta jiƙa, ran nan za ta shiga ƙasa, in ba haka ba ta lalace. Kuma babu wata sai baɗi."

Na sami babbar mota a tasha, sule huɗu zuwa Funtuwa. Mun tashi ƙarfe shida da minti ashirin. Direban, Ɗanjuma, ya ga na rungume buhu na ƙi ba yaran mota su ɗaure a sama, sai ya sa ni gaba kusa da shi.

"Ɗan makaranta, zinariya ce?"

"Iri ne."

"Iri! Mutumin Malumfashi zai kai dawa Malumfashi. Gobe kuma ka kai ruwa kogi."

A Giwa muka tarar da shingen sojoji, kasancewar ana cikin yaƙi. Kowa ya sauka. Wani kofur ya kwance buhuna, ya ga ja, ya ja da baya. Ya tambaye ni ko mene ne, sai na miƙa masa takardar bayanin irin da Malam Bitrus ya haɗo ni da ita. Ya karanta, ya ce, "Dawa mai tsawon ƙirji? To da me za ku yi danga?" Ashe ɗan manomi ne. Ya ɗaure mini bakin buhun da kansa.

Bayan Giwa hira ta koma kan abin da aka ji a rediyo, wai likitocin wata ƙasa sun ciri zuciyar mutum sun dasa wa wani. Wani dattijo ya ce ƙarya ce. Na buɗe baki in yi bayani, na rufe. Ɗanjuma ya ce, "In gaskiya ne a dasa wa yaron nan zuciyar maroƙi, ko ma ji muryarsa."

Mun shiga Funtuwa ƙarfe goma da rabi. Duwatsun mil arba'in da takwas na ƙirga a hanya. Na sauka gidan wani abokin mahaifina mai awon auduga, kusa da tashar jirgin ƙasa. Da la'asar hadari ya haɗu, aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na naɗe buhun da rigata ta makaranta, na ɗora shi a kan akwati, na ɗora akwatin a kan kujera.

Rana ta biyu: Funtuwa zuwa Bakori

Ƙarfe bakwai na hau wata 'yar mota mai zuwa kasuwar Bakori, mil tara, sisi da kwabo uku. Ƙasa ta sha ruwa, ko'ina mutane sun fito da sungumi.

A bakin kasuwa na ga abin da ban taɓa gani ba sai a littafi. Ma'aikatan lafiya sun kafa tebur a gindin tsamiya suna yin lambar agana, amma ba da tsaga ba. Wata na'ura ce kamar ƙaramar bindiga, ba ta da allura ko ɗaya. Mutum ɗaya ya taka ta da ƙafa, ya ɗora bakinta a damtse, sai ka ji "tas", maganin ya ratsa fata da ƙarfin matsi kawai. Na ciro agogona. Kafin minti ɗaya ya cika sun wuce mutum goma. Na yi ta maza na tambayi malamin asibitin yadda maganin bai lalace a zafin nan ba. Ya nuna mini 'yar kwalba: an busar da shi ya zama gari, sai za a yi aiki a jiƙa. Ya ce yara ƙanana har da ta ƙyanda ake yi musu. Ƙannena biyu ƙyanda ta ɗauke. Na tsaya ina duban matan da ke layi da goyo, na rasa inda zan sa kaina don daɗi. Na miƙa damtsena aka yi mini, da buhun a ɗaya hannun.

Na ci ƙosai na kwabo biyu, na kama hanya da ƙafa zuwa ƙauyen kakata, mahaifiyar innata, mil huɗu gabas da Bakori. Ba a wuce ta ba a gaishe ta ba. Na isa sha biyu saura.

Sunanta Kande. Kun san tsakanin jika da kaka: ni mijinta ne, kuma tunda aka haife ni ba mu taɓa yin maganar da ba wasa ba ce. Tana hango ni ta rangaɗa guɗa.

"Ga angona! Wata shida ba ci ba sutura, yau dai an tuna da cefane." Ta fizge buhun, ta jinjina. "Mudu biyu? Kai, na auri matsiyaci."

Na durƙusa na ce, "Iya, ba ta ci ba ce. Iri ne, da guba a jiki."

"Guba! Ku ji marowaci. Bara ma da ka zo da alewa cewa ka yi ta Turawa ce, tana zubar da haƙori."

Gaskiya ne, na faɗa, kuma wasa nake yi a lokacin. Na sake cewa, "Wallahi Iya, da gaske," amma da murmushi a fuskata, don ban san yadda ake yi mata magana ba murmushi ba. Ta ce ta ji, ta rataye buhun a ɗakinta. Ni kuwa na ɗauka ta ji ɗin.

Kawu Tanko, ƙanen innata, ya ja ni gona in ga shukarsa. Na ba shi labarin gajeriyar dawa tun daga farko, shi kaɗai nake iya yi wa doguwar magana. Muka yi awa biyu. Muna dawowa, tun daga bakin danga, na ji muryar Iya tana cewa, "Dawar birni sai datti. Ruwa uku na canja har yanzu ja yake fita."

Ban san lokacin da na tsallake dangar ba. Ta raba irin biyu, ta wanke rabi a cikin ƙwaryarta mai zane, ta juye a turmi, ta ɗaga taɓarya za ta yi surfe ta dama wa angonta fura. Na kama taɓaryar a sama da hannu biyu. Na yi ihun da ban san ina da shi ba: "Iya, ki saki! Mutuwa ce!"

Har kaji ma suka watse. Ta dube ni tana jiran in yi dariya, ban yi ba. Sannu a hankali ta saki taɓaryar.

"Isiyaku," in ji ta. Ran nan ta fara kiran sunana. "Da gaske kake?"

"Da gaske nake, Iya."

Ta dubi hannunta da ya yi ja. Ta ce a hankali, "Da 'ya'yan Tanko zan fara ba."

Muka wanke mata hannu da sabulu sau uku. Kawu ya haƙa rami ya binne ruwan wankin da ƙasar da ya zuba a kai. Turmin da ƙwaryar na ce ba za a ƙara cin abinci da su ba. A nan bakinta ya dawo. "Ƙwaryar aurena! Ka zo da mudu biyu ka tafi da turmi. Wannan miji ko ɓarawo?"

Saura irin. Mudu guda ya sha ruwa ya fara kumbura, maganin ya wanke, gidanmu kuwa sai gobe. Na zauna a kan dutse, na ga amanar Malam Bitrus ta rabu biyu a hannuna. Sai Iya ta ce, "Kana zaune kamar an yi maka mutuwa. Ba jiya aka yi ruwa ba? Ga gayaunata nan bayan gida, ban shuka komai ba."

Ina tashi wani tunani ya faɗo mini, har na yi tsalle. Wankakkiya ba ta da magani, busasshiya tana da shi. In aka shuka su gefe da gefe a ƙasa ɗaya, rana ɗaya, kowa zai gani da idonsa ko maganin yana aiki! Na ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu na busasshiyar. Na ɗaure igiya a turaku biyu, na yanke kara daidai tazarar da aka ce. Kawu yana sara da sungumi, ni ina zuba busasshiya da takarda naɗe a hannu, Iya tana zuba tata tana take ramin da diddige. Maƙwabta suka taru a bakin danga.

"Kande, yau da igiya ake shuka?"

"Mijina ɗan boko ne. Naku fa?"

Mun fara ƙarfe uku da kwata, mun gama shida saura minti goma. Layi goma sha biyu wankakkiya, layi uku mai magani. Na kafa dutse a tsakani, na zana taswirar a littafina. Na ci tuwon dawa da miyar kuka, na kwana a ɗakin Kawu, sauran irin a ƙarƙashin kaina.

Rana ta uku: Bakori zuwa gida

Na tashi da asuba. Iya ta rako ni har bakin rafi tana mitar turminta. Na sami mota a Bakori ƙarfe takwas da rabi, sule biyu, mil ashirin da biyu zuwa Malumfashi. Sau ɗaya muka kafe a laka, muka sauka muka tura. Yaron mota ya miƙo hannu zai karɓi buhuna, na ce masa, "Guba ce, kada ka taɓa," da muryar da har direba ya waiwayo. Mun isa sha ɗaya da minti biyar. Daga nan mil uku da ƙafa.

Na tarar da Baba a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Bayan gaisuwa ya ɗaga buhun ya ce, "Wasiƙarka ta ce mudu biyu." Na ba shi labari duka, ban rage komai ba. Da na zo wurin taɓarya ya ajiye ƙotar.

"Kai ka yi wa Kande tsawa?"

"Ni ne, Baba."

"Shekara ashirin da biyar ina surukinta ban taɓa ɗaga ido na dube ta ba." Ya yi dariya har da tari. Ran nan da la'asar muka shuka namu.

Na riƙe wannan labari ban ba mujallar makaranta ba sai da kaka ta yi, don in san ƙarshensa. Na koma gayaunar da littafina. A layukan wankakkiya na sami kawunan da burtuntuna ta baƙanta nan da can. A layi ukun nan kuwa na bi kai da kai, sau biyu, ban sami ko ɗaya ba. Mutanen ƙauyen sun riga ni gani, har sun fara tambayar Kawu inda ake samun jan garin. Karan dai sun ce bai isa danga ba, wannan ma na rubuta. Malam Bitrus ya karanta rahotona a tsaye, ya ce gwajin da ya fi nasa tsari tsohuwa ce ta shirya shi, ya sa in rubuta sunanta a saman shafin.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Bitrus, da Ɗanjuma direba, da kofur ɗin Giwa, da Kawu Tanko da ya sassaƙa sabon turmi. Ita kuwa Iya, makon jiya ta aiko mini da damin dawar guda har makaranta, da saƙo a bakin mai kawowa: "A gaya wa mijina wannan ta ci ce. Kuma da gaske nake."