Mai Jiran Ɗakin Aminina

Ina shagona a kasuwar Haɗeja aka kira ni, wai Abdulmannan ya rasu. Aminina ne tun muna yara. Ga mu yanzu a zaman makoki, ƙofar gidan da yake haya.

Can bakin tabarma akwai wani mutum da ba wanda ya san shi. Siriri ne, rigarsa wankakkiya amma ta koɗe, ƙafafunsa duk faso. Ina zaton masunci ne daga wajen Guri, ambaliya ta koro shi gari da iyalinsa. Kowa ya zo gaisuwa, da shi ake shafa fatiha. Amma yana sauke hannu sai idonsa ya tafi ƙofar ɗakin mamaci, ya yi maza ya sunkuyar da kai.

Na gane. Garin ya cika, har zauruka an toshe an zuba 'yan haya, kuma ɗaki ba ya kwana babu mai shi. Labari ya ji ya zo, kunya ta hana shi tambaya. An miƙa masa abincin sadaka, ya ce ya ƙoshi.

Na so in ji haushinsa, na kasa. Da jama'a suka ragu na matsa kusa.

"Malam, mai gidan yana fitowa bayan la'asar. Ka riga kowa. Sai dai kusurwar gabas tana yoyo."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "Ɗan'uwa, yaya sunan marigayin? In Allah ya sa na samu, a ciki zan riƙa yi masa addu'a."