Ranar da Haladu Ya Riƙe Alli

Idan ka taɓa shan ruwa a unguwarmu a Gadarif, to daga hannun Haladu ka sha, ko ka sani ko ba ka sani ba. Shi ne mai karo, keken jakin nan mai ɗauke da ganga, wanda tun daga bakin layi kake jiyo muryarsa yana faɗa da jaki kamar ya kama shi da sata. Ni Arzika tela, shekara huɗu muka yi da shi a benci ɗaya a firamare, bencin can ƙarshe, inda malamai ke ajiye waɗanda suka fid da rai da su. In na ce na san shi, ban yi ƙarya ba.

Kakansa da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa zai tafi Makka, ya iso nan ya ga gonakin riɗi, ya ce bari ya huta kwana biyu. Har yau zuriyar hutawa take yi. Haladu kuwa ya ɗauki wannan rashin gaggawa ya kai shi aji.

A makarantun nan kowane aji da alfansa, wato yaron da malami ke bar wa alli in zai fita, ya rubuta masu surutu a allo. Wanda aka rubuta, ya fita waje ya jira bulala. Alfanmu Elsadig ne, Bahaushe kamarmu, mai farar rigar da ba ta taɓa sanin datti ba. Wallahi malami bai gama fita ba ya rubuta Haladu. Akwai ranar da Haladu yana gida kwance da zazzaɓi, aka ga sunansa a allo, washegari ya zo ya karɓi bulalarsa cif.

A aji huɗu Haladu ya ce halas, wato shi ke nan, bayansa ya ƙoshi da ilimi. Ya tafi yankan riɗi a Fashaga, shekara ashirin, har ƙugu ya fara ƙara. Ya dawo ya auri Ummusalama, ya sayi jaki, ya raɗa masa suna Alfa. Ya ce shi ma ba a yi masa komai ba yake kai ƙara. Elsadig kuwa ya wuce Khartum ya zama lauya. Shekara talatin da biyar ba mu gan shi ba sai a hoton waya, cikin kwat, yana kallon sama.

Sai yaƙi ya zo. Mutanen Khartum da na Madani suka kwararo Gadarif da katifu a ka, aka zuba su a makarantu, har da tamu. Wata safiya Haladu ya kai ruwa can, ya leƙa ajinmu na da, sai ga shi a shagona a guje, yana haki.

"Arzika, ajiye almakashin nan! Faisal da muka yi karatu tare yana ajinmu, mai kunnuwan nan, yanzu ba gashi ko ɗaya, kunnuwan sun samu fili. Kuma ka san wa ke kwance a ƙarƙashin allo? Alfa! Na gaske, ba nawa ba."

Muka je. Faisal ya rungume mu yana kuka yana dariya, ya ce ni na tsufa kamar tsohon buhu. Elsadig ya miƙe, ya ba mu hannu da yatsu uku, ya gode da Larabci irin na ofis, idonsa a ƙasa. Ya rame. A bayan labulen zanin gado matarsa Salwa tana tari, asma ce da ita.

Daga nan duk Juma'a muna haɗuwa a gindin bishiyar dogon yaron makaranta, mu ci bosh a kwano ɗaya kamar da, burodi da romon wake, mu yi ta zagin malaman da suka rasu muna nema musu gafara. Elsadig bai taɓa sa hannu ba. Sau uku Haladu yana ce masa, "Ya zol, ɗan'uwa, ina da ɗakin ciyawa a tsakar gida ba kowa ciki, ka zo da Salwa." Sau uku yana cewa shukran, suna lafiya a nan.

Sai aka ce za a buɗe makaranta, ranar Alhamis kowa ya tashi, za a kai su tanti a bayan gari. Damina ce. Wanda ya san lakar Gadarif ya san ba ƙasa ba ce, manne ce. Faisal ya samu dangin matarsa. Elsadig ba kowa, gidan ubansa an sayar tun tuni. Mai asma a tanti cikin wannan sanyin ruwa, kowa ya san inda abin zai kai.

Na ce wa Haladu, "Ƙyale shi, girman kai ne."

Ya ce, "Kai dai ɗinki ka iya. Kunya ce. Yana ganin shi ya kore ni daga makaranta, ta yaya zai kwana a gidana?" Ni kam na ji haushi, don na ga ya fi ni hankali.

Ranar Laraba da hantsi ya ja ni muka tafi. Ya tsayar da karo a ƙofar aji, ya shiga ba ko gaisuwa ta kirki, ya tsinci guntun alli a taga. Ya tsaya gaban allo, harshe a waje, gumi na zuba, kamar mai ɗaga ganga. Ya fi minti biyar. Mutanen ajin duk suna kallo. Da ya matsa, ga suna biyu a karkace: Elsadig, Salwa.

"Waɗanda aka rubuta, waje," in ji shi.

Elsadig ya ɗago. "Me na yi?" Da Hausa ya faɗa, karo na farko tun zuwansa.

"Ni ranar da nake gida da zazzaɓi me na yi? Alfa ba a tambayarsa. Tashi!"

Elsadig ya fara dariya, dariyar ta karye masa a maƙogwaro, ya rufe fuska da hannun riga. Ni ma na ji idona ya yi zafi, na ce ƙurar alli ce. Salwa ce ta ɗaga labule ta ce, "Ya Elsadig, an rubuta mu. Ka naɗe katifa."

Ya naɗe. Da muka ɗora kaya a karo ya ce, "Bulala nawa, Haladu?"

"Sai mun isa. Ummusalama ce malama yau, kuma ta yi tuwon da sai ka gwammace bulalar."

Muka kama hanya, Salwa a zaune kan katifa, mu uku a ƙasa muna fama da laka. Elsadig ya shafa wuyan jakin ya ce, "Ƙaƙƙarfa ne. Ya sunansa?"

Na buɗe baki, Haladu ya taka min ƙafa har sai da na ga taurari.

"Jaki ne kawai," ya ce. "Wa ke sa wa jaki suna?"

Wata bakwai ke nan Elsadig yana gidan. Unguwar da ba ta iya riƙe sirrin kwana ɗaya, har yau ba wanda ya gaya masa. Jakin ne kawai ke shan wahala, in an ce masa "kai" ba ya tafiya.