Kwalbar da Na Kawo wa Inna daga Yamai

Gara in faɗa da bakina tun farko: na san abin da ke cikin kwalbar kafin in saye ta. Kimiyyar sinadarai na karanta a jami'a, saboda haka ba zan ce an yaudare ni ba. Ni na kai kaina farmasin, da ƙafata, har sau uku.

Inna bandar kifi take yi a Gaya tun ban yi wayo ba. Masunta su kawo da safe, ta fasa, ta wanke, ta jera bisa waya, ta tsaya kan murhu a tsakar rana har la'asar. Da hayaƙin nan aka saya mini littattafai tun daga lakkol, wato firamare, har lise, babbar sakandare, da shi aka biya mini ɗakin haya a Yamai. Hayaƙin kuwa bai yi aikin sadaka ba, ya karɓi ladansa a fuskarta. Goshinta ya yi tamoji, kumatunta sun dafe, gefen idanunta ya tattare. Ban san shekarunta daidai ba, ita ma ba ta sani ba, amma duk wanda ya gan ta sai ya ƙara mata goma.

Na gama karatu na dawo gida da digirin lisans, na zauna shekara biyu babu aiki. A cikin shekarun nan ne Gwaggo, yayar babana, ta samu waƙar da take rerawa a kowane suna da kowane biki. Sai ta bari mata sun cika, ta dubi Inna ta ce:

"Kin gasa fuskarki tare da kifi, ga shi kin samu takarda. To a dafa mana takardar mu ci mana. Karatun da bai sayi ko sabulu ba!"

Mata su yi dariya, Inna ma ta yi. Ni ce ƴarta ta fari, kuma a wajenmu uwa ba ta kare ɗan fari a bainar jama'a, ko sunana ba ta faɗa. Sai dai na lura, duk ranar da aka yi wannan wasan, in mun dawo gida ba ta cin tuwo.

Da na samu aiki a wani ɗakin gwajin ruwan sha a Yamai, abin da ya fara zo mini a rai ke nan. Na ce albashin farko na fuskar Inna ne, kuma a gaban Gwaggo za a ba ta. Mai hankali da ya sayi atamfa, wadda kowa zai gani daga nesa. Ni da yake na yi karatu, sai na nufi farmasi.

Zuwan farko na karanta bayan kwalbar na ajiye. Ruwa ne a sahun gaba, sai gilisarin, sai man kaɗe da sunansa na faransanci, sai wasu sunaye dogaye waɗanda na san kaɗan ake ɗigawa. Wato man da matan ƙetaren kogi ke sayarwa a ƙwarya a kasuwar Malanbil, shi ne ya je Turai ya yi wanka, ya dawo cikin gilashi da murfi ruwan zinare. Zuwa na biyu na tambayi mai sayarwa ko yana aiki. Yarinya ce wadda ba ta fi ashirin da biyu ba, fuskarta sumul.

"Madam, ni shi nake shafawa," in ji ta. "Kin ga tamoji a fuskata?"

Ban gani ba, gaskiya. Na so in ce ko toka take shafawa ba zan gani ba, amma na mayar da kwalbar na fita, kada in ɓata mata rai. Zuwa na uku na biya. Jikka talatin da biyar na sefa, kwalbar da tafin hannuna ke rufewa, da wani ɗan cokali kamar na ba jariri magani.

Ba ina cewa ne man ba ya komai ba. Yana iya tausasa fata, mai yiwuwa ma ya ɗan cike ƙananan layuka na wani lokaci. Abin da na sani, ko in ce abin da nake zaton na sani, shi ne rana da hayaƙi su ne suka yi ɓarnar, kuma babu kwalbar da za ta mayar da shekara ashirin da wani abu na tsayuwa kan murhu. Duk na san wannan. Amma na naɗe ta cikin tawul, na sa a ƙaramar kula da ƙanƙara, don an rubuta kada ta sha zafi. Daga Yamai har Dosso, daga Dosso har Gaya, kular tana bisa cinyata a cikin mota. Tsohuwar da ke kusa da ni ta yi mini sannu, ta ɗauka allurar marar lafiya ce.

Na iske su da la'asar a tsakar gida, Gwaggo na kan tabarma kamar an aika mata. Na gaishe su, na durƙusa na miƙa wa Inna. Ko kallon kirki ba ta yi wa kwalbar ba.

"Ajiye can," ta ce. "An gode."

Gwaggo ce ta ɗauka, ta juya ta, ta buɗe ta sunsuna.

"Madam Lisans, wannan kuma mene ne? Kwalli?"

"Man fuska ne, Gwaggo. Na manya. Yana rage tamoji... wato, an ce yana ragewa."

"An ce. Nawa?"

Na faɗa. Gwaggo ta yi salati ta sake, ta ajiye kwalbar a hankali kamar za ta fashe.

"Buhun shinkafa har da canji! Matar ƙanena, tashi ki shafa, gobe mu ga an zo neman aurenki daga garin Karakara."

Duk da haka na yi bayani, don an ce a yi. Kamar ƙwayar wake za a lakata da ɗan cokalin, safe da yamma, a shafa daga ƙasa zuwa sama, ba a murzawa. Kuma a guji rana da hayaƙi.

"A guji hayaƙi," Gwaggo ta maimaita. "Kin ji ko? Kifin ma sai ki faɗa masa ya gasa kansa."

Washegari da hantsi na fito na ga Inna zaune da faifai a gabanta, cike da ƴan ƙulle-ƙullen leda irin na masu sayar da gishiri. Ɗan cokalin na hannunta. Na duba kwalbar, saura abin da ya maƙale a gindi.

Na manta, ko kuwa karatu ya mantar da ni, cewa duk abin da ya shigo gidanmu daga tafiya tsaraba ne, tsaraba kuwa rabawa ake yi. Dabino ne, biredi ne, sabulu ne, sai an yanka an kai gida-gida. Da atamfa na kawo, da ta tsira, don ba a yaga zane. Amma abin da ke lakatuwa da cokali, ai ya kira rabo da kansa. Gida goma sha ɗaya suka samu, Gwaggo ƙulli biyu don girmanta.

Na bi Inna har wajen murhu.

"Inna, naki ne fa. Na wata uku ne. Ke kaɗai na sayo wa."

Tana juya kifi ba ta dube ni ba.

"In shafe shi ni kaɗai a ɗaki, wa zai san an kawo? Matan nan sun ji ana yi mini dariya shekara biyu. Yanzu kowacce ta riƙe a hannunta."

"Amma ba zai yi aiki ba a haka."

"Da can zai yi?"

Ga tambayar da ya kamata mai lisans ta amsa da e ko a'a. Na ce ya danganta. Ta ce in matsa, hayaƙi na shiga idona.

Kafin in koma Yamai sakamakon gwaji ya fara shigowa. Maƙwabciyarmu ta shafa wa jikanta a ƙurajen zafi. Wata ta ajiye nata sai Sallah. Matar mai gyaran kabu-kabu ta ce mijinta ya shafe shi a hannu bayan aiki, ya kuma yaba. Gwaggo kuwa a dugaduganta ta shafa, duka ƙulli biyun, rana guda. Ta zo ta miƙe ƙafa a gabanmu.

"Ga faso na nan yadda yake, ko gezau. Jikka talatin da biyar! Da sabulun kika sayo, da aƙalla mun yi kumfa."

Haka na hau mota da kula babu komai ciki, ina jin na ƙara wa Gwaggo baiti a waƙarta, na kuma biya kuɗin kiɗan.

Bayan wata uku na dawo sunan ɗan wata ƴar uwarmu. Abin da na fara gani a gida shi ne rumfar zana bisa murhun banda, doguwa, an bar mata mafitar hayaƙi ta gefe. Inna kuma ta samu faffaɗar malfa irin ta manoma, ta daina tsayawa bisa kifin, sai ta juya ta koma gefe ta zauna. Na tambayi dalili. Ta ce ai man ƴar lakkol ba ya son rana. Duk unguwa an san haka, in ji ta, mai tsada ne, yana da sharuɗɗa. Shekara nawa Baba yana cewa a yi rumfar nan tana cewa ɓata zana ne, sai da kwalba ta ba da umarni.

Na yi mamakin wane man take nufi, tunda na ga gindin kwalbar da idona.

Ranar suna, ɗaki cike da mata ana shiri, sai Inna ta buɗe jakarta ta fito da kwalbar. Ta kwance murfin zinaren ba gaggawa, ta lakata da ɗan cokalin daidai ƙwayar wake, ta shafa daga ƙasa zuwa sama, ba ta murza ba. Ashe duk bayanin da na yi tana ji. Ina kusa da ita, na leƙa. Kwalbar cike take. Ƙamshin kuwa na san shi tun ina goye: man kaɗe ne, an tace shi, an buga shi har ya yi fari ya yi laushi, an ɗiga masa turare.

Kuma, in dai ba idona ne ya so ya gani ba, fuskarta ta canza. Tamojin na nan, babu inda ya je. Amma dafewar ta ragu, fatar ta yi laushi, idanun sun bar ja. Ko rumfar ce, ko malfar, ko shafawa safe da yamma ba fashi, ko duka, ba zan iya rantsewa ba. Mutum ɗaya ba ya isa gwaji.

Gwaggo ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juyo kaina.

"Madam Lisans, ke kika karanta abin nan. Faɗa mini tsakaninki da Allah. Wannan na kwalbar, ya fi man kaɗen da muke shafawa?"

Ban iya ƙarya ba, ko na gwada sai muryata ta tona ni. In kuma na faɗi abin da hancina ya ji, na kwance wa Inna zane a gaban matan da ta raba wa ƙulli. Na dubi Inna. Tana rufe murfi, kamar ba da ita ake ba.

"Gwaggo," na ce, "a iya sanina, abin da ke cikin kwalbar nan, ban ga wanda ya fi shi dacewa da fuskar Inna ba. Amma sai an bi sharaɗi. Safe da yamma, a fuska, ba a dugadugi ba. Kuma a guji rana."

Mata suka fashe da dariya, wannan karon ba Inna ake yi wa ba. Gwaggo ta kama haɓa.

"Ji ƴar nan! Ashe karatun ya buɗe mata baki." Ta miƙa hannu wajen Inna. "To ɗan lakato mini, in gyara kuskure."

Inna ta lakata mata rabin ƙwayar wake, tana cewa a yi hankali, abin ba ya samuwa a Gaya. Gwaggo ta kai hanci, ta sunsuna. Mace ce da ta haura sittin tana shafa man kaɗe, kuma ba na jin turare kaɗan zai ɓatar da ita. Ta dubi Inna, ta dube ni, sannan ta shafa daga ƙasa zuwa sama.

"Kuɗi dai kuɗi ne," ta ce. "Ji laushi."

Daga ranar ban sake jin zancen sabulu ba. Gwaggo ta samu wasu abubuwan faɗa, kamar rashin aurena, amma wannan ni ya shafa, kuma ina cin tuwona.

Da zan koma, Inna ta rako ni har bakin ƙofa, abin da ba ta saba yi ba. Na ce mata in Allah ya kai mu ƙarshen wata zan sayo wani, na gaske, ta ɓoye shi wannan karon.

"Kada ki soma," ta ce. "Sai dai in kin san wata a can wadda ta shanye nata, ki roƙo mini kwalbar. Murfin wannan ya fara tsagewa."