Ranar da Rigata Ta Je Ɗaurin Aure a Jikin Wani

Shekarun baya, tun kafin a ba mu mulkin kai, ina saurayi a Wudil, abokina ya aiko da wasiƙar ajami daga ƙasar Damagaram. Maraya ne, a gidanmu ya tashi, tabarma ɗaya muke kwana. Da ya girma sai ya shiga fataucin shanu, yana sayowa can ƙasar Faransa, kamar yadda muke kiran yankin da Faransawa ke mulka, yana korowa kasuwar shanu ta Wudil, har ya samu wurin zama a wani gari can, ya ga yarinya yana so.

Wasiƙar ta ce uban yarinyar ya sa rana, Juma'a ta sama, amma da sharaɗi. Ya ce shi ba ya ba da 'yarsa ga mutumin da bai ga danginsa ba. In babba daga gidansu bai zo ya karɓi auren da bakinsa ba, to maganar ta mutu. Mahaifina ya rasu a lokacin, saboda haka tafiyar ta faɗa kan baffana, dattijo mai ciwon gwiwa, wanda bai taɓa wuce Kano ba. Ni aka ce in raka shi, don na yi elementare shekara huɗu, ana ganin na san kan duniya. Ni ma haka nake gani.

Mahaifiyata ta ce mu tashi ranar Asabar. Ta ce damina ce, kuma wanda zai je biki nesa gara ya kwana uku a garin mutane yana jira da ya isa ana naɗe tabarmi. Na yi mata lissafi da yatsu: mota kwana biyu take yi, mu ba fatake masu jakuna ba ne. Ta dube ni ta ce, "To, ɗan boko. Ka gaya wa hadari lissafin naka."

Abin da ban faɗa mata ba shi ne na ba da ɗinkin babbar riga, aska takwas, aikin hannu irin na garinmu, kuma maɗinkin bai gama ba. Na ƙudurta sai mutanen Damagaram sun san Bakano ya zo. Asabar ta wuce, Litinin ta wuce. Da Baffa ya tambaye ni, sai na ce masa na bincika, motar arewa ba ta tashi daga Kano sai Laraba. Ƙarya ce, kusan kullum ana samun mota. Ranar Talata da la'asar na karɓi rigata.

Laraba muka kama hanya da ƙwaryar goron ɗaurin aure, muka kwana kusa da iyaka. Alhamis da safe muka shiga ƙasar Faransa, sai sama ta tsage. Hanyoyin lokacin jar ƙasa ce, in aka yi ruwa ana gitta ƙarfe a hana manyan motoci wucewa sai hanya ta bushe. Muka tarar da ƙarfen a gitte. Mai gadin ya ce ko gobe ba tabbas, don ga wani hadarin yana haɗowa. Direba ya shimfiɗa buzu a ƙarƙashin mota ya kwanta abinsa.

Na tambaya, aka ce garin da za mu yinin tafiya ne da ɗan ƙari ga mai ƙafa lafiyayya. Baffa ya ɗaure gwiwarsa da tsumma, ya ce in ɗauko goro da akwatina. Muka shiga caɓi. Ba mu yi nisa ba na ga yana tsayawa yana dafa sanda. Da muka kai wata rugar makiyaya da azahar, ya zauna gindin gawo, ya kasa tashi.

Nan na ga abokina a ido na zuci, yana zaune gobe cikin taro yana duban hanya. Na durƙusa na ce, "Baffa, ni na jawo mana. Mota tana tashi tun Asabar. Riga na tsaya jira."

Ya ce, "Na sani. Ai sahu ɗaya muke salla da maɗinkin. Na yi shiru ne in ga ranar da za ka faɗa."

Ruwa ya shiga akwatina, sai na fito da rigar na shanya kan wani reshe. Akwai wani magidanci a rugar mai takarkari, wato san da ake hawa ana ɗora masa kaya. Tun isowarmu na roƙe shi ya kai Baffa, ya ce sansa ya gaji, ba ya fita da shi cikin wannan laka ko me za a ba shi. Amma da ya ga rigar, sai ya zo ya tsaya yana shafa zaren wuyan da bayan hannu. Ya tambaya ko mutum ne ya yi wannan aikin. Na dubi rigar, na dubi gwiwar Baffa. Ko sau ɗaya ban sa ta ba. Na cire ta daga reshen na miƙa masa.

Baffa ya hau takarkari, mu biyu muna biye. Muka kwana a wani ƙauye, muka tashi bayan asuba, muka shiga garin ana kiran sallar Juma'a. Laka har gwiwa, taguwata ta koma launin hanya. Abokina na ganinmu ya sunkuyar da kai yana goge ido da hannun riga.

Mai takarkarin kuwa bai koma ba. Ya zura rigar ya biyo mu wurin ɗaurin aure. Mutane suka yi ta tashi suna ba shi hannu, suna "sannu da zuwa, mutanen Kano", aka kai shi kan darduma. Ni aka nuna mini inda zan ɗaure takarkarin, aka ce in na gama in zo a ba ni fura. Na je na ɗaure shi.

Uban yarinyar ya dubi ƙafafun Baffa da suka kumbura, ya tambayi yadda muka zo. Baffa ya faɗa masa komai, amma ya tsallake zancen maɗinki. Sai uban yarinyar ya ce, "Na ce a nuna mini danginsa. Wanda aka tako masa wannan lakar yana da dangi. Na ba shi." Baffa ya ce ya karɓa, aka shafa fatiha, aka raba goronmu.

Gwiwar Baffa ba ta koma daidai ba har ya bar duniya, kuma na san rabona a ciki. Wannan yana nan a raina, ina nema masa gafara kullum, ina nema wa kaina. Amma auren nan ya yi albarka, jikokinsu suna zuwa gaishe ni har Wudil, kuma duk rigunan da na sa a rayuwata babu wadda nake alfahari da ita kamar wadda ban taɓa sawa ba.

Yanzu jikokina jirgin sama suke hawa zuwa bikin abokai a wasu ƙasashe. Suna zuwa sallama, ni kuma abu ɗaya nake gaya musu: ku tashi da wuri, ku bar wa hanya kwanakinta, in ɗinki bai gamu ba ku tafi da tsohuwar rigarku. Suna dariya su ce jirgi ba ya maƙalewa a laka. Sai in ce to, ku gaya wa hadari lissafin naku.